Saje a Soja, Saje a 'Yan Sanda: Me Igiya Uku Take Ba Mutum, Me Kuma Ba Ta Ba Shi

Duk sanda aka fitar da sanarwar ƙarin girma a rundunar soja ko ta 'yan sanda, ko aka ji an rage wa wani girma daga Saje zuwa Kofur saboda wani laifi, tambayoyin da mutane ke yi kusan iri ɗaya ne. Wai Saje hafsa ne ko ba hafsa ba? Sajen soja da Sajen 'yan sanda wa ya fi wani? Me ya sa dattijo mai furfura da igiya uku a hannu zai ƙame wa yaron da bai fi ɗansa ba? Kuma ya aka yi a wasu ƙasashe Saje ya hamɓarar da gwamnati alhali ga Kanal ga Janar a zaune? Abin da ke kawo ruɗanin shi ne sunan ɗaya ne amma nauyinsa ba ɗaya ba ne, ya danganta da wace runduna ake magana, a wace ƙasa, kuma a kan wa ake son amfani da ikon.

Inda Saje yake tsaye

Kusan kowace rundunar soja a duniya hawa uku ce. Akwai sojoji na ƙasa, wato wanda ya gama kurtu ya fito ba shi da komai a hannu. Akwai hafsoshi, daga Laftanar mai anini ɗaya har zuwa Janar, su waɗannan ikonsu daga takardar naɗi yake fitowa wadda ake bayarwa da sunan shugaban ƙasa ko sarki. A tsakanin biyun nan kuma akwai masu igiya, mutanen da suka taso daga ƙasa aka ba su ikon ba da umarni amma ba su da waccan takardar, to a nan Saje yake.

A tsarin Ingila, wanda Najeriya da Gana da Kenya da sauran ƙasashen da ta mulka suka gada, igiya ɗaya Las Kofur ce, biyu Kofur, uku Saje. Sama da shi akwai Staf Saje, igiya ukun dai amma da ƙarin alama a kanta, daga nan sai masu muƙamin Warant Ofisa, su ma ba hafsoshi ba ne cikakku duk da suna da tasu takardar ta daban. Wanda ake ce wa Samanja a cikinsu yake, kuma a wannan tsarin Samanja kujerar aiki ce ba muƙami ba, akwai Samanjan kamfani mai kula da mutum ɗari da wani abu, akwai na bataliya gaba ɗaya wanda ake kira RSM, wanda hatta ƙananan hafsoshi sukan shiga taitayinsu in yana filin fareti.

Aikin Saje na yau da kullum a wannan tsarin shi ne zama na biyu a rukunin sojoji kamar talatin da ake ce wa filatun. Laftanar ne kwamanda a takarda, shi ke karɓar umarni daga sama ya tsara yanda za a yi. Saje kuma shi ya san wa ke da ciwon ƙafa yana ɓoyewa, wa bai goge bindigarsa ba, harsashi nawa ya rage, ruwa ya isa ko bai isa ba, wa aka turo masa labarin rasuwa daga gida hankalinsa ba ya jikinsa. In aka ji wa wani rauni a fagen daga shi ke shirya fitar da shi, in Laftanar ya faɗi shi ke karɓar ragamar nan take. Kuma a asirce shi ke koya wa sabon Laftanar ɗin aiki, yana ce masa ranka ya daɗe a gaban yara, in sun keɓe ya gaya masa inda ya kwafsa.

Maganar ƙamewa kuma ba mutum ake sara wa ba, takardar naɗin da ke hannunsa ake girmamawa. Shi ya sa Saje mai shekara ashirin a aiki zai sara wa Laftanar da ya fito makaranta jiya, shi kuma Saje ba a sara masa, sai dai a tsaya a ƙame in yana magana a kira shi da muƙaminsa.

Yanda sunan ya taso

Asalin kalmar daga Latin ne ta biyo ta tsohon Faransanci, ma'anarta mai hidima, wato bara. A Turai ta zamanin mahaya masu sulke, ana kiran mutumin da ke yaƙi ƙarƙashin jarumi amma bai kai darajarsa ba da wannan sunan. Daga baya da aka fara tara dakaru masu yawa a jera su sahu sahu da bindigogin da sai an ɗura, sai aka buƙaci wanda zai tsaya a gefe da bayan sahu yana daidaita shi. Saje na wancan lokacin yana riƙe da doguwar sanda mai kan gatari da tsinin mashi, da ita yake miƙe layi, ya tura wanda ya ja baya, ya danne bakin bindigar wanda ya ɗaga ta da yawa. Igiyar hannu ta zo daga baya, sojan Ingila sun fara amfani da ita a 1802.

Wannan tarihin ya bar abubuwa biyu da har yau suke rikita mutane. Na farko, me ya sa Manjo ya fi Laftanar amma Laftanar Janar ya fi Manjo Janar? Amsar tana wajen Saje. A ƙarni na 17 cikakken sunan muƙamin Saje Manjo Janar ne, wato mai tsara sahun runduna baki ɗaya, yana ƙasa da Laftanar Janar wanda shi ne mataimakin babban kwamanda. Philip Skippon ya riƙe wannan muƙamin a rundunar majalisar Ingila a 1645. Da tafiya ta yi nisa sai kalmar Saje ta faɗi daga gaba, aka bar Manjo Janar, amma matsayinsa a jeri bai canza ba. Shi kansa muƙamin Manjo haka ya samo asali.

Na biyu shi ne jami'in majalisar dokoki mai ɗaukar sandar girma yana shiga gaban kakaki, wanda sunan kujerarsa ma da Saje ya fara. Ba mai igiya uku ba ne ko kusa, sunan ya taso ne daga masu tsaron lafiyar sarki na da, kuma sau da yawa tsohon babban hafsa ake ba kujerar.

Akwai ma rundunar mahaya masu gadin sarkin Ingila da har yau ba su yarda a kira kowa Saje a cikinsu ba, mai igiya ukunsu Kofur na doki ake ce masa, dalilin da aka saba bayarwa shi ne su ba barorin kowa ba ne.

Sajen wata ƙasa ba Sajen wata ba ne

Nan ne fassarar labarai ke yawan ɓata lissafi. A sojan ƙasa na Amurka ma Saje igiya uku ce, sai dai tasu tsininta sama yake kallo, ta Ingila ƙasa. Amma Sajen Amurka mutum huɗu kawai yake jagoranta a rukunin mayaƙan ƙasa, kuma mutum kan kai wannan matakin cikin shekara huɗu ko biyar. Aikin da yake yi, a Ingila Las Kofur ko Kofur ke yinsa. Wanda ke yin aikin Sajen Ingila a Amurka, wato na biyu a filatun, yana sama da matakai biyu. Sojan Ingila kuwa galibi sai ya haura shekara goma kafin ya ɗaura igiya ta uku. Amurkawa sun yi wa sunan rassa da yawa, Staf Saje, Saje mai daraja ta ɗaya, Masta Saje, har zuwa Saje Manjo na rundunar ƙasa baki ɗaya, kujera ɗaya tal da aka ƙirƙiro a 1966 don ya zama bakin ƙananan sojoji a gaban babban hafsan hafsoshi.

Faransa da ƙasashen da suka bi tsarinta irin su Nijar da Mali da Senegal nasu daban ne. Sajensu igiya biyu ce, mai igiya uku shi ne babban Saje, sama da shi sai Ajidan. Kuma a Faransa ba dole sai ka taso daga ƙasa ba, matashin da ya gama sakandare zai iya shiga makarantar horar da masu igiya ta Saint-Maixent kai tsaye ya fito Saje cikin ƙasa da shekara guda. A rundunar jandarma da ta mahaya ma ba sa amfani da sunan, suna da nasu na gargajiya. Sannan ga tarko biyu ga mai fassara: wanda Faransawa ke kira Manjo shi ne ƙololuwar masu igiya, ba hafsa ba ne kamar Manjon Ingila, haka nan Birgediya a bakinsu ƙaramin muƙami ne na ɗan sanda ko sojan doki, kusa da Kofur ko Saje, ba Janar mai tauraro ɗaya ba. Sau da yawa labari kan taso daga ƙasar Faransanci a ce an kama Birgediya, mai karatu ya ɗauka wani babban ƙusa ne, ashe mai tsaron shinge ne.

A ƙasashen Larabawa Raƙib ake ce masa, wato mai sa ido. A Indiya da Pakistan Hawilda. A sojan ruwa na tsarin Ingila babu Saje sam, suna da nasu sunan ga wanda ke wannan matakin. Saboda wannan hargitsin ne ƙungiyar NATO ta yi wani ma'auni na lamba daga 1 zuwa 9 ga duk wanda ba hafsa ba, don in sojojin ƙasashe suka haɗu a aiki ɗaya a san wa ke gaba da wa, Saje yakan faɗo a 5 ko 6.

Ta yaya ya shiga aikin ɗan sanda

Lokacin da ministan cikin gida na Ingila Robert Peel ya kafa 'yan sandan birnin Landan a 1829, mutanen Ingila suna tsoron kar ya zama soja ne aka saka musu a titi da wani suna. Don haka aka ba su shuɗin kaya maimakon jan da soja ke sawa, aka kuma guje wa sunayen muƙaman soja, aka ɗauko Konstabul da Sufeto da Sufritanda. Saje kaɗai aka aro daga bariki. Rundunar ta fara da Saje 88 a kan Konstabul 895, kusan ɗaya ga kowane goma kenan, kuma aikinsa a fili yake: ya jera yaransa kafin fita, ya raka su wuraren sintiri, ya zagaya cikin dare ya ga ko wani ya yi barci ko ya shige mashaya.

Amurka ba ta ji wannan tsoron ba, 'yan sandanta suna da Saje da Laftanar da Kyaftin, wasu jihohin har Kanal. Ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka kuma 'yan sandansu tun farko rabi soja ne, an kafa su ne don kwantar da tarzoma da karɓar haraji, shi ya sa za ka ga Kofur da fareti da zaman bariki a cikinsu, abin da babu a 'yan sandan Ingila kanta. A Najeriya jerin shi ne Konstabul, Kofur, Saje, sannan Sufeto, daga nan a tsallaka zuwa manyan jami'ai da suka fara daga mataimakin Sufritanda wato ASP har zuwa Sufeto Janar.

To wa ya fi wani tsakanin Sajen soja da na 'yan sanda? A doka babu wanda ke ƙarƙashin wani. Runduna biyu ne, dokar da ta kafa kowacce daban, sarƙar umarninsu daban. Ana iya kwatanta su ta fuskar albashi ko wajen zama a taro, amma Sajen soja ba zai ba Kofur ɗin 'yan sanda umarni don kawai ya fi shi igiya ba, sai in an haɗa su a aikin haɗin gwiwa an faɗi wanda ke jagora.

Bambancin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda ikon yake fuskanta. Ikon Sajen soja ciki yake kallo, a kan sojojin da ke ƙasa da shi, kuma ƙin bin halattaccen umarninsa laifi ne da kan kai mutum kotun soja. Ɗan sanda kuwa ikon da yake da shi a kan jama'a, na tsayarwa da kamawa da bincike, bai fito daga igiya ba, ya fito ne daga kasancewarsa ɗan sanda da ya yi rantsuwa. Konstabul da ya fara aiki jiya da Kwamishina ikon kamunsu na asali ɗaya ne. Abin da igiya uku ta ƙara wa Sajen 'yan sanda shi ne ikon duba aikin na ƙasa da shi, da kuma ɗaukar laifi in suka yi ba daidai ba a gabansa.

Lokacin da igiya uku ta zama rufi

A rundunonin mulkin mallaka an daɗe baƙar fata ba ya wuce masu igiya komai ƙwazonsa. Hafsoshi Turawa ne, suna zuwa suna tafiya, da yawansu ba su jin harshen sojojin sosai, don haka Saje da Samanja su ne ainihin masu riƙe da rundunar. A rundunar Afirka ta Yamma ta Ingila Hausa ce harshen bariki, ta nan ne Saje da Kofur da Samanja suka zauna a bakin mutane. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan Najeriya takardar hafsa, kuma na farkon daga cikin masu igiya aka ɗebo su, Aguiyi Ironsi ya riƙe Samanjan kamfani kafin ya zama hafsa a 1949.

Inda aka ƙi buɗe wannan ƙofar da wuri an ga sakamakon. Kongo ta samu 'yanci a ƙarshen Yunin 1960 babu ɗan ƙasa ko ɗaya mai muƙamin hafsa, cikin kwanaki sojoji suka yi bore, gwamnatin Lumumba ta ɗauko Victor Lundula wanda tsohon Samanja ne ta ba shi Janar, Mobutu shi ma tsohon mai igiya ya zama Kanal. A Togo a Janairun 1963 tsofaffin sojojin Faransa 'yan Togo da aka sallama aka ƙi ɗaukarsu a sabuwar runduna su suka kashe shugaba Sylvanus Olympio, cikinsu akwai Saje Eyadema wanda daga baya ya mulki ƙasar daga 1967 har ya mutu a 2005.

Ba Afirka kaɗai ba. Batista na Kuba Saje ne mai aikin rubutu a ofis lokacin da ya jagoranci boren masu igiya a Satumban 1933. A Suriname ranar 25 ga Fabrairun 1980 masu igiya 16 ƙarƙashin Desi Bouterse suka karɓe mulki bayan rigima da gwamnati kan albashi da neman kafa ƙungiyarsu. Bayan makonni kaɗan, ranar 12 ga Afrilu, Masta Saje Samuel Doe mai shekara 28 ya shiga fadar shugaban Laberiya da 'yan sojoji ƙalilan aka kashe shugaba William Tolbert. Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa ba wani ɓoyayye ba ne, Janar yana ba da umarni ne ta waya da takarda, shi kuwa Saje da yaran yake kwana yake tashi, ya san mai riƙe da makullin ma'ajiyar makamai, kuma in sojoji suka ji haushi shi suke fara gaya wa. Wani abin lura kuma, kusan dukkansu ba su zauna a Saje ba bayan sun hau, Batista ya koma Kanal, Doe ya koma Janar.

Gardamar da ake yi kan ƙarfinsa

Masana harkar soja sun rabu kan nawa ya kamata a sakar wa mai igiya. Ɓangare ɗaya, wanda Amurka da Ingila da Jamus ke kai, suna ganin a ɗauki shekaru ana gina Saje, a tura shi kwasa kwasai, a biya shi da kyau ya zauna, sannan a gaya masa abin da ake son cimmawa a bar shi ya nemo hanya. Hujjarsu ita ce a fagen daga waya na katsewa, hafsa na mutuwa, rukunin da ba ya motsi sai an ce masa motsa zai tsaya cak. Ukraine ta sake fasalin muƙaman masu igiyarta a 2020 don ta matso kusa da wannan tsarin.

Ɗaya ɓangaren shi ne wanda Tarayyar Sobiyet ta bari. A can Saje yawanci yaro ne mai bautar ƙasa ta dole, an ba shi horon wata shida an ɗaura masa igiya, in wa'adinsa ya cika ya tafi gida, don haka ayyukan da Saje ke yi a Yamma ƙananan hafsoshi ne ke yinsu. Masu kare wannan suna cewa runduna mai miliyoyin mutane da ke shigowa suna fita duk shekara biyu ba ta da lokacin renon Saje na shekara goma, kuma ya fi arha, sannan iko ya fi zama a hannu ɗaya. Masu suka kuma suna nuna yanda rashin dattijon mai igiya a ɗakin kwana ya bar tsofaffin kurata suna gallaza wa sababbi. Isra'ila ta ɗan rikita gardamar, don ita ma Sajenta matashi ne mai bautar ƙasa, amma hafsoshinta na fagen daga daga cikin waɗannan yaran ake zaɓo su, ba daga waje ba. Ga gwamnatocin da ke tsoron juyin mulki kuma akwai lissafi na uku da ba a faɗa a fili, Saje mai ƙarfi da yaransa ke so abin tsoro ne, wanda aka wulaƙanta aka hana shi haƙƙinsa shi ma abin tsoro ne.

A 'yan sanda gardamar kan ƙofar shiga take. A al'adar Ingila kowa daga Konstabul yake farawa, shugaban runduna ma ya taɓa yin sintiri ya taɓa zama Saje, ko da yake a 2014 sun gwada ɗauko mutane daga waje kai tsaye zuwa Sufritanda. A Najeriya da Indiya da Faransa ƙofofin da yawa ne, mai digiri ko wanda ya ci jarrabawar manya yana shigowa ta sama. Masu goyon baya suna cewa aikin zamani na buƙatar ilimin doka da na kwamfuta da gudanarwa, kuma jiran mutum ya hau tsani daga ƙasa zai sa ya kai sama ya tsufa. Masu adawa suna cewa hakan ke sa igiya uku ta zama wajen da mutum ke maƙalewa shekara da shekaru yana kallon yara na wuce shi, kuma wanda ya fid da rai da ƙarin girma shi ne ya fi saurin neman na kansa a titi.

Abin da ya shafi farar hula

Mutumin da ba ruwansa da kaki ya fi haɗuwa da Saje fiye da kowane babban jami'i. Shi ne a bayan kanta a caji ofis, shi ne babba a motar sintiri ko a shingen bincike, a ƙananan kotuna na wasu ƙasashe ma shi ke gabatar da ƙara. Don haka sanin iyakarsa na da amfani.

In ƙaramin ɗan sanda ya wuce gona da iri, mai igiya ukun da ke wajen shi ne na farko da ke da ikon tsawata masa, kuma shirunsa abin tuhuma ne a kansa. Amma akwai matakan da doka ta ɗaure da muƙami, ba kowa ke yanke su ba. Dokar Ingila ta 1984 misali ce mai kyau: jami'in da ke kula da waɗanda aka tsare dole ya kai Saje, ba ya cikin masu binciken laifin, kuma yana da ikon cewa hujjar ba ta isa a tsare mutum ba ko da wanda ya kawo shi ya fi shi girma. Sufeto ne ke sake duba tsarewar kafin awa 6 ta cika, wuce awa 24 zuwa 36 kuwa sai da sa hannun Sufritanda, bayan nan sai kotu. Kowace ƙasa da nata lissafin, amma tambayar ɗaya ce a ko'ina, wannan matakin da aka ɗauka a kaina, mai wannan muƙamin doka ta ba shi ko na sama da shi? Kuma mai son kai ƙara ya riƙe suna da lambar aiki, cewa wani Saje ne kawai ba ya kai ko'ina don suna da yawa.

Shi kuwa Sajen soja, a zaman lafiya igiyarsa ba ta ba shi iko a kan farar hula ba. Yana samun hurumin tsayar da mutane ne kawai in gwamnati ta fito da soja bisa doka don taimaka wa hukumomin farar hula, kamar yanda sashe na 217 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanada, wasu ƙasashen ma sun ƙuntata abin sosai, Amurka tana da dokar da ta taƙaita sa sojan tarayya aikin ɗan sanda tun 1878. Ko a lokacin, ikon daga aikin da aka turo shi yake fitowa, kuma wanda aka kama 'yan sanda ake miƙa wa.

Maganar umarni aka ba ni ita ma tana da iyaka, kuma Saje ne ta fi matsewa don yana karɓa daga sama yana bayarwa ƙasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa ta 1984 ta ce ƙarara umarnin na gaba ba hujja ba ne. Dokar Rum ta 1998 da ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ita ma ba ta karɓar wannan uzurin in umarnin haramcinsa a fili yake, sannan ta ɗora wa mai jagora alhakin abin da yaransa suka aikata in ya sani ko ya kamata ya sani bai hana ba. Ba sai mutum ya kai Janar wannan ya hau kansa ba.

Hatta a hannun abokan gaba muƙamin yana aiki. Yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949 kan fursunonin yaƙi ta ce ana iya sa ƙaramin soja aikin ƙarfi, hafsa ba a tilasta masa aiki sam, mai igiya kuwa aikin duba wasu kawai za a iya tilasta masa. Ta kuma yanka kuɗin da za a riƙa ba kowa duk wata a sansani: wanda bai kai Saje ba faran 8 na Suwizalan, Saje da sauran masu igiya 12, daga Warant Ofisa zuwa Kyaftin 50, Janar 75. Shi ya sa muƙami yake cikin abubuwa huɗu da doka ta wajabta wa soja ya faɗa in an kama shi, tare da sunansa da ranar haihuwarsa da lambarsa.